Tambaya da Amsa: Aljeriya, ƙasar da ruwanta ke sauka a lokacin ɗari

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a ƴan makonnin nan sun karkata ne ga maƙwabciyarmu ta arewa, wato Aljeriya, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin da wuya a sami unguwa a Tahoua ko Agadas wadda ba ta da ɗa ko ƙane ko miji a can. Na ware biyar daga cikinsu waɗanda suka shafi shimfiɗar ƙasar da yanayinta, na kuma sa ta wata uwa a gaba domin tata ce ta fi bukatar amsa da gaggawa.

Tambaya, daga wata uwa a Tahoua: Malam, ina yi maka sallama. Ɗana na fari yana aikin gini a Aljeriya, shekara biyu ke nan, a wani gari da ake kira Satif. Kwanan baya ya turo wa ƙanensa hoto ta waya, yana tsaye cikin wani farin abu kamar an baza gari a ƙasa, ya ce ƙanƙara ce ta sauka da dare, ya ce kuma saboda ita kwana huɗu ba su fita aiki ba, shi ya sa aiken wannan wata zai yi jinkiri. Ni dai abin da na sani tun tasowata, idan mutum ya bar Tahoua ya yi arewa, zafi da rairayi ne ke ƙaruwa. Shin gaskiya yaron nan yake faɗi, ko wata dabara ce ta ƴan zamani?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin a kan maganar ƙanƙara dai yaron nan bai yi miki ƙarya ba. Satif na zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100 daga saman teku, kuma yana cikin garuruwan Aljeriya da aka sani da tsananin sanyi. Dusar ƙanƙara kan sauka a can a yawancin shekaru tsakanin Disamba da Fabrairu, wani lokaci har ta toshe hanyoyi, kuma idan sanyi ya kai inda ruwa ke daskarewa ba a zuba siminti, saboda haka tsayawar aikin gini a irin waɗannan kwanaki abu ne da magina suka saba da shi. Abin da kika sani game da arewa shi ma gaskiya ne, sai dai ya tsaya a rabin hanya, kuma zan so mu bi hanyar tare daga ƙofar gidanki har bakin teku, don ki ga inda lissafin yake juyawa.

Wanda ya tashi daga Tahoua ya bi ta Abalak zuwa Agadas, ya wuce Arlit har ya isa Asamaka, zai ga abin da kika faɗa da idonsa, domin gonakin hatsi za su ƙare, ciyawa ta ƙare, itatuwa su ƙare, har ya zama ba abin da ke da inuwa a sarari sai motar da yake ciki. Daga Asamaka ake tsallaka iyaka zuwa In Gizam, garin farko na Aljeriya, wanda ke cikin wurare mafi zafi a ƙasar. Tazarar nan ba ta wasa ba ce, kuma mutanen Nijar ba su manta da watan Oktoba na shekarar 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace. Daga In Gizam ƙasa takan fara hawa a hankali, kuma bayan tafiyar kimanin kilomita 400 sai a isa Tamanrasat, a gindin duwatsun Ahaggar, a tsayin da ya kusa mita 1,400. Duwatsun nan ƴan'uwan namu ne na Abzin, sai dai sun fi su tsayi, domin ƙololuwarsu da ake kira Tahat ta haura mita 2,900, alhali Bagzam, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijar, mita 2,022 ne. A nan ne matafiyi ke fara cin karo da ƙa'idar da ta bayyana hoton ɗanki, wato duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Shi ya sa ƴan cirani da suka kwana a Tamanrasat cikin Janairu suke dawowa da labarin sanyin da ba su taɓa ji ba, ko da yake a tsakiyar hamada suke.

Bayan Ahaggar sai hanya ta gangara ta cikin kwazazzabon Arak zuwa In Salah, inda zafin rana a watan Yuli kan wuce digiri 45 kwana da kwanaki, inda kuma shekara kan zo ta wuce ba a ga ɗigon ruwa ba. Daga can a bi ta Gardaya zuwa Lagwat, kuma duk wannan doguwar tafiya har yanzu a cikin Sahara ake, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar hamada ce. Faɗin Aljeriya murabba'in kilomita 2,381,741 ne, wato ta kusa ninka Nijar sau biyu, kuma tun da aka raba Sudan a shekarar 2011 ita ce ta fi kowace ƙasa girma a Afirka. Amma a Lagwat, lokacin da ya rage saura kimanin kilomita 400 a isa teku, sai jerin duwatsun Atlas na kudu su tare gaba kamar ganuwa, kuma abin da ke bayan wannan ganuwa wata duniya ce dabam.

Da farko akwai shimfiɗaɗɗun tuddai masu faɗi, waɗanda tsayinsu yake a wajajen mita 1,000, ƙasar makiyayan tumaki da wata ciyawa mai tauri da suke kira halfa, inda ruwan da ya sauka ba ya samun hanyar zuwa teku sai ya taru a kwari ya ƙafe ya bar farin gishiri, irin tafkunan da suke kira shot. Jalfa da Batna da Satif duk garuruwan tudu ne, sanyinsu mai tsanani, zafinsu ma mai tsanani. Gaba da su kuma akwai jeri na biyu na duwatsu, wanda ya bi gefen teku tun daga Maroko har Tunisiya, yankin da ake kira Tal, mai dazuzzuka da ƙoramu da gonakin zaitun da ɓaure. A cikinsa ne duwatsun Jurjura na yankin Kabiliya suke, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 2,308, kuma ƙanƙara kan kwanta a kansu wata da watanni. Sai a ƙarshe ƴar siririyar fadama a bakin Bahar Rum, kamar ta Mitija a bayan Alje, babban birnin ƙasar, mai lambunan lemu da inabi. A wannan yanki na arewa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ba, kusan mutum tara cikin goma na ƴan Aljeriya suke zaune.

Abu ɗaya nake roƙon ki gaya wa yaron idan kun yi waya. A kowace shekara mutane suna mutuwa a Aljeriya cikin barci saboda hayaƙin murhun gas da ake kunnawa don ɗumama ɗaki, hayaƙin da ba shi da wari balle mutum ya farga. Ƴaƴanmu da ke kwana su shida ko bakwai a ɗaki guda, sun toshe kowace kafa da tsumma saboda sanyi, su ne suka fi kusa da wannan haɗari. Ki ce masa kada ya kwanta da wuta a kunne, ko gas ko gawayi, a ɗakin da iska ba ta shiga.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Yamai: Ina koyar da labarin ƙasa, kuma wani ɗalibina ya ɗaure ni da tambayar da na kasa amsawa yadda zai gamsu. Littafi ya nuna cewa ruwan da ke sauka a birnin Alje a shekara bai fi na Yamai da wani abin kirki ba, to me ya sa can akwai kurmi da alkama ba tare da ban-ruwa ba, mu kuwa wata takwas muna kallon ƙasa ja? Kuma me ya sa ruwansu yake zuwa a lokacin da mu muke cikin hunturu?

Amsa: Malam, ɗalibin nan naka ya cancanci yabo, domin ya sa yatsa a kan ainihin maganar. Alƙaluman da ya gani daidai ne: Alje na samun kimanin milimita 600 a shekara, Yamai kuma tsakanin 500 da 600, Tahoua ƙasa da haka, wajajen 350 zuwa 400. Bambancin yana cikin lokacin da ruwan ke zuwa da irin zuwan da yake yi.

Mu daminarmu daga kudu take. Idan rana ta gasa ƙasar Sahel da Sahara a bazara, iska mai zafi takan tashi sama, sai iska mai laima daga tekun Gini ta kwararo daga kudu maso yamma ta maye gurbinta, ko da yake hadarin kansa daga gabas muke ganin yana tasowa. Wannan iska tana matsawa arewa wata bayan wata, ta isa Gaya kafin Yamai, ta isa Yamai kafin Tahoua, ta isa Agadas a gajiye, kuma cikin Agusta wutsiyarta takan taɓa Ahaggar, shi ya sa ɗan ruwan da Tamanrasat ke samu, wanda bai wuce milimita 50 ba a shekara, galibi a lokacin daminarmu yake sauka. A iya cewa Tamanrasat ce zangon ƙarshe na daminar Hausa. Ruwan arewacin Aljeriya kuwa daga wata rijiya dabam ake ɗebo shi. Shi yana zuwa ne da iskar yamma da ta arewa maso yamma, wadda ke tasowa daga tekun Atlantika ta ratsa Bahar Rum. A watannin zafi hanyar wannan iska tana can sama ta kan Turai, saboda haka Yuli da Agusta a Alje sararin sama tas yake, amma daga Oktoba sai hanyar ta sauko kudu, gizagizai su riƙa zuwa rukuni bayan rukuni har wajen Afrilu. Tsakanin waɗannan ruwaye biyu, wanda ke zuwa daga kudu da wanda ke zuwa daga arewa, akwai faffaɗan yanki inda iska ke saukowa daga sama zuwa ƙasa tana bushewa tana ƙara zafi, ta hana gajimare haɗuwa. Wannan yanki shi ne Sahara, kuma idan kana son ka nuna wa ɗalibai shi a allo, ka zana hannu biyu suna miƙowa daga sama da ƙasa ba su haɗu ba, ka rubuta In Salah a tsakaninsu.

Amsar ɗaya rabin tambayar ta fito daga nan. Ruwanmu yana sauka ne a watannin zafi, cikin wata uku ko huɗu, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, rabinsa ya gudu ta kwazazzabai, sauran kuma rana ta shanye, domin abin da ranar Yamai ke iya ƙafarwa a shekara ya ninka abin da ke sauka sau uku ko fiye. Nasu kuwa yana sauka a lokacin sanyi, rana ba ta da ƙarfi, yini gajere ne, ruwan kuma sau da yawa yayyafi ne mai daɗewa irin na marka, saboda haka ƙasa takan sha ta ƙoshi ta ajiye. Na taɓa yin Janairu guda a Alje, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata riga da na wanke na shanya a tagar ɗaki, na yi kwana uku ina taɓa ta da safe ina jin ta a jiƙe, ni da na saba rigar da aka shanya bayan Azahar a sa ta zuwa La'asar. Sanyinsu ma ba irin namu ba ne mai fasa leɓe da dunduniya. Sanyi ne mai danshi, wanda ke shiga bango da katifa, ko da ma'aunin zafi bai sauka ƙasa da digiri 8 ko 10 ba.

Kalandar noma sai ta juye gaba ɗaya. Manomin Satif yana shuka alkama da sha'ir a Nuwamba ko Disamba, lokacin da namu ya gama ɗaure damman hatsi ya zuba a rumbu, kuma yana girbi a Yuni ko Yuli, daidai lokacin da manomin Adar ke duban gabas yana jiran ruwan shuka. Har iskar hamada ma fuska biyu gare ta. Mu tana zo mana daga arewa maso gabas cikin hunturu da buda da sanyi, su kuwa tana zo musu daga kudu a watannin zafi, ta gangaro daga kan duwatsu kamar an buɗe bakin tanda, ita ce Turawa ke kira siroko. A irin waɗannan kwanaki ne dazuzzukan Tal ke kama wuta, kamar yadda ya faru a Kabiliya cikin Agustan 2021, inda mutane da dama suka rasu, har da sojojin da suka je ceto.

Kada dai ka bar ɗalibai su ɗauka cewa bakin tekun duk iri ɗaya ne. Gabar ta fi kilomita 1,200, kuma ruwa yana ƙaruwa ne daga yamma zuwa gabas. Wahran da ke yamma ba ta cika samun fiye da milimita 400 ba, domin duwatsun Maroko da na Sifen sun riga sun tatse gizagizan kafin su iso ta, alhali wajajen Jijal da ke gabas ana samun fiye da milimita 1,000, fiye da abin da Gaya ke samu. Kuma ruwan nasu ba kullum yake zuwa a hankali ba: a ranar 10 ga Nuwamba, 2001, ruwa mai ƙarfi ya gangaro daga tuddan Alje ya afka wa unguwar Babul Wad, ya kashe fiye da mutum 700.

Tambaya, daga wani mai sayar da dabino a kasuwar Wadata, Yamai: Malam, shekara da shekaru ina sayar da dabinon Aljeriya, musamman gab da azumi. Ana ce mini daga tsakiyar hamada yake fitowa, inda ba a ruwan sama. To da wane ruwa ake shayar da itatuwan, ko akwai wani kogi a can kamar namu?

Amsa: Alhaji, babu wani kogi a Aljeriya da zai tsaya kusa da kogin Kwara da ya ratsa Yamai. Mafi tsawon kogunansu, Shalif, kimanin kilomita 700 ne, yana can arewa, kuma a lokacin zafi yakan ƙanƙance ƙwarai. A hamada kuwa ƙoramu ne busassu, waɗanda kan yi shekaru ba ruwa, rana ɗaya kuma su cika su tafi da duk abin da suka tarar. Ruwan da ke cikin dabinon da kake aunawa daga ƙarƙashin ƙasa ya fito, kuma mafi yawansa tsohon ruwa ne ƙwarai.

Shekaru kamar 10,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyawa da tafkuna. Shaidar tana nan a jikin duwatsu, a Tasili n'Ajjar da ke kudu maso gabashin Aljeriya, inda mutanen wancan zamani suka zana garken shanu da raƙuman dawa da giwaye, kamar yadda aka sassaƙa raƙuman dawa a Dabus da ke arewacin Agadas. Kwarin Azawak ma, wanda mutanen jihar Tahoua suka sani sarai, gadon wani babban kogi ne da ya taɓa kwaso ruwa daga wajajen Ahaggar da Abzin ya bi ta Dallol Boso ya zuba a Kwara. Ruwan da ya nutse a ƙasa a wancan zamani da zamunnan da suka gabace shi yana nan kwance cikin duwatsu masu shan ruwa, a wani makeken rumbu da Aljeriya da Tunisiya da Libiya suka yi tarayya a kansa, kuma abin da ke komawa cikinsa a yau kaɗan ne idan aka gwada da abin da ake ɗiba.

Hanyoyin da mutanen dausayi suka bi suka kai ga ruwan nan abin a tsaya a duba ne. A yankin Tuwat da Timimun suna da abin da suke kira fogara, wato jerin rijiyoyi da aka haɗa gindinsu da rami a ƙarƙashin ƙasa, ramin yana ɗan gangarawa, ta yadda ruwa zai bi shi da kansa tsawon kilomitoci har ya fito a bakin lambu ba tare da guga ko inji ba. A inda ya fito akan kafa wani dutse mai haƙora kamar matsefi, kowane tsagi yana kai ruwa zuwa lambun gida guda, faɗin tsagin kuma daidai da rabon da gidan ya gada ko ya saya, har akwai masu sana'ar auna ruwan da raba shi, sana'ar da hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun da ke bukatar kariya a shekarar 2018. A yankin Suf kuwa, maimakon a kawo ruwa wurin itace, sai a haƙa babban rami a cikin rairayi a dasa dabinon a gindinsa, saiwarsa ta riƙa sha da kanta. Yau dai rijiyoyin burtsatse masu zurfi ne suka fi yawa, kuma su ne ke sa tsofaffin fogara da dama suna ƙafewa. Tamanrasat ma da ruwan In Salah take sha, ta bututun da aka ja tsawon kimanin kilomita 750, wanda ya fara aiki a shekarar 2011.

Dabino itace ne da ke son ƙafarsa cikin ruwa, kansa kuma cikin rana, kuma ruwan sama a lokacin nunarsa ɓata shi yake yi. Shi ya sa mai laushin nan da ake kira Daglat Nur ya fi kyau a Biskra da Tolga, a daidai gindin duwatsun Atlas ta ɓangaren hamada, busasshen kuma da ke jure doguwar tafiya a buhu an fi kawo mana shi daga dausayoyin kudu irin su Adrar da In Salah. Zafin da ke nunar da su ba ƙarami ba ne, domin a Wargla, wadda ita ma garin dabino ce, an auna digiri 51.3 a ranar 5 ga Yuli, 2018.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Yamai: Baba, an ba ni gurbin karatu a wata jami'a ta arewacin Aljeriya, amma an tsorata ni da cewa ana girgizar ƙasa a can. Gaskiya ne?

Amsa: Ƴata, gaskiya ne, kuma dalilin da ya tayar da duwatsun Atlas shi ne dalilin girgizar. Ɓawon ƙasar da Afirka ke kai yana turawa arewa yana matse wanda Turai ke kai, da ƴan milimitoci a shekara, kuma layin matsin ya bi ta bakin tekun Aljeriya. A ranar 10 ga Oktoba, 1980, girgiza ta rushe garin Al Asnam, wanda aka sake wa suna Shalif bayan haka, a ranar 21 ga Mayu, 2003, kuma wata ta afka wa Bumardas da ke gabashin Alje, ta kashe fiye da mutum 2,200. Manya irin waɗannan sukan yi shekaru masu yawa ba su zo ba, ƙanana kuwa ana jin su jefi-jefi, kuma miliyoyin mutane suna zaune a can suna harkokinsu, saboda haka a ganina wannan bai isa ya hana ki karatu ba. Ki koyi abin da ake yi idan ƙasa ta motsa, wato ki nisanci taga, ki shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, kada ki ruga kan matakala. Abin da zai fi damun ki a kullum shi ne sanyi da tsawon yini, domin a Alje yinin Yuni ya haura awa 14, na Disamba kuma bai kai awa 10 ba, abin da ba mu saba da shi ba a Yamai, kuma za ki ji shi a lokutan salla da na azumi.

Tambaya, daga wani manomi a ƙasar Adar: Malam, ƙanena ya kawo mini dashen zaitun guda biyar daga Aljeriya. Ina da rijiya a garkata, ruwa ba ya yanke mini. Idan na dasa su zan ci ƴaƴansu?

Amsa: Malam, ka dasa su, amma kada ka tuge mangwaro ko ka rage fegin albasa saboda su. Zaitun itace ne mai jure fari, kuma da ban-ruwa zai iya rayuwa a garkarka ya yi ganye, sai dai fure ne abin shakka. Yawancin irin zaitun suna bukatar makonni masu yawa na sanyi a jere, irin wanda dare ke sauka ƙasa da digiri 10 kuma rana ba ta yin zafi sosai, kafin su yi niyyar fure, kuma wannan shi ne abin da tuddan Kabiliya ke ba su kowace shekara. Ɗarinmu na Adar gajere ne, dare ya yi sanyi, hantsi kuma ya warware shi, sannan zafin Maris da Afrilu yana zuwa daidai lokacin da furen zai ƙulla. Ga kuma laimar daminarmu, wadda ke faɗowa a watannin da itacen ya saba da bushewa.

Amfanin gonar bakin Bahar Rum da ke karɓar ƙasarmu shi ne wanda ke gama rayuwarsa cikin ƴan watannin ɗari, kamar alkamar da ake nomawa da ban-ruwa a Ƙonni, ko wanda ya sami tudu mai sanyi, kamar lemu da rumman na Timiya a cikin Abzin. Idan za ka gwada, ka zaɓi wurin da ruwa ba ya kwanciya, mai tsakuwa, ka ba da tazarar taku bakwai ko takwas tsakanin dashe da dashe, ka rage ban-ruwa idan damina ta kankama, ka kuma kare su daga awaki. Zaitun yakan ɗauki shekaru huɗu ko biyar kafin ya nuna halinsa ko a ƙasarsa ta asali, saboda haka idan sun kai wannan lokaci ka duba rassan cikin Fabrairu da Maris, ka rubuto mana ko ka ga fure.